Batirin sola ya daina kai wa asuba: a sake batir, a sake regilatar, ko a gyara saiti?

A Damagaram, daga watan Maris har faɗuwar damina, kukan masu sola iri ɗaya ne: batir ba ya riƙe wuta. Da rana allon regilatar, na'urar da ke daidaita cajin batir daga panno, yana nuna ya cika maƙil, amma kafin ƙarfe biyun dare inbata, mai juya wutar batir ta zama irin ta gida, ta fara ƙara, fanka ta tsaya, kowa ya ɗauki tabarmarsa ya fita tsakar gida. Washegari maigida ya nufi Kasuwar Dole, mai shago kuma ya nuna masa abin da ke cikin shagonsa, wato sabon batir. Ba a ga laifinsa ba, sana'arsa ke nan. Sai dai hanyoyin da ke gaban maigidan nan uku ne, kuma kuɗinsu ya sha bamban. Ɗaya tana cin jikkuna masu yawa, ɗaya tana cin kaɗan, ta uku ba ta cin komai sai danna maɓalli.

Gidaje da yawa sun shiga sola cikin gaggawa ne a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turowa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka bar Maraɗi da Damagaram, da ke kan layin da ya taso daga Katsina, da abin da injinan kamfanin wuta na NIGELEC za su iya. Aka ciro kaya daga kwali aka ɗaura su yadda suka zo, ba wanda ya buɗe ɗan littafin da ke ciki. Saitin da suka zo da shi kuwa an tsara shi ne a kan zafin digiri 25. Ɗakin ajiya mai rufin kwano a Sabon Gari ko Garin Malam, a watan Afrilu, yana wuce 40.

Kafin a kashe ko dala, a nemi mitar awon wuta, ko ta aro ce. Awo uku za a yi. Na farko da tsakar rana, batir yana shan caji: a ɗora mitar a bakin regilatar inda wayar batir ta shiga, sannan a ɗora ta a kan kawunan batirin kansa. In regilatar ya ce 14.4 amma batir ya ce 13.9, rabin bolt ɗin nan a waya ya zube, ko dai wayar ta yi siriri, ko ta yi tsawo, ko kan batirin ya yi tsatsa. Regilatar yana ganin ya gama aiki ya sassauta, alhali batir bai ƙoshi ba. Awo na biyu bayan magariba, a kashe komai na tsawon awa biyu ko uku: lafiyayyen batirin dalma mai bolt 12 da ya cika zai tsaya wajen 12.7. Na uku da asuba, shi ma ba kaya a kai: 12.1 ko 12.2 na nufin an sha rabinsa, nan ne iyakar da ya kamata a tsaya. Wanda ya tashi ya ga 11.5 kullum, yana cin ran batirinsa ne. In haɗin gidan na bolt 24 ne a ninka lambobin nan biyu, in na 48 ne a ninka huɗu.

Awon magaribar nan shi ke raba gardama. Batirin da bai taɓa kai 12.6 ba da yamma, galibi yunwa ke damunsa, wato caji ne bai ishe shi ba, kuma ko an kawo sabo haka zai bi sahunsa cikin watanni. Wanda yake kai 12.7 amma ya faɗi warwas da an kunna fanka biyu, shi ne ya tsufa da gaske.

Abin da lambobin saitin ke nufi

Cajin batirin dalma hawa uku ne, kamar cika tulu a bakin pampo. Da farko ana sakar masa ruwa da ƙarfi. In ya kusa wuya sai a rage, a bar shi yana tsiyaya a hankali har ya cika ba tare da ya yi ambaliya ba. Daga nan sai ɗigo kawai. A hawan farko regilatar yana tura duk wutar da panno ya bayar har bolt ya hau lambar da aka sa masa. A na biyu yana riƙe wannan lambar awa biyu zuwa uku, ampar yana sauka da kansa, har ya koma kamar 4 a batir mai Ah 200 (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya riƙewa). A na uku yana sauka zuwa 13.5 ko 13.8 don riƙo.

Hawa na biyu shi ne wanda ake yi wa ƙwange, kuma shi ne mai muhimmanci. Hawan farko yana kai batir kusan kashi 80 cikin ɗari ne kawai, a lokacin kuma hoton batirin da ke allo ya riga ya nuna cikakke. Ragowar kashi 20 ɗin a hawa na biyu ake samunsa. In kullum ana tsallake shi, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantan dalmar da ke ciki, wurin da ke riƙe wuta yana ta raguwa, kuma in ya yi tauri ba ya narkewa.

Sannan ga zafi. Lambobin da kamfani ya rubuta a jikin batir na digiri 25 ne. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, ana son a rage kamar bolt 0.024 a batir mai bolt 12. A digiri 40 an samu ƙarin 15 ke nan, sai a rage kusan 0.36. Wanda aka rubuta masa 14.6 zai koma 14.2, mai 14.2 ya koma ƙasa da 13.9. Regilatar na kirki yana yin wannan lissafin da kansa, in an liƙa ƴar wayarsa ta awon zafi a jikin batir. Sau nawa za ka shiga gida ka tarar da wayar nan a ƙulle cikin ledarta, a saman katanga. In regilatar ɗinka ba shi da ita, sai ka zama kai ne ma'aunin: ka rage lambar in bazara ta shigo, ka maido ta in sanyin hunturu ya kama. Ko da saitin ya yi daidai, zafi na da nasa haraji, don rayuwar batirin dalma tana raguwa da kusan rabi a duk ƙarin digiri 10. Ɗauke batir daga ƙarƙashin kwano zuwa ɗakin ƙasa mai iska yana ƙara masa kwana fiye da duk wani maɓalli.

Akwai lamba ɗaya kuma da ba a regilatar take ba, a inbata take: inda za ta yanke wuta in batir ya yi ƙasa. Yawancinsu suna zuwa da 10.5, ko 21 a haɗin 24, ko 42 a haɗin 48. Wannan lamba ta tatse batir ce har ƙarshe. A ɗaga ta zuwa wajen 11.8 ko 11.9, tun da ana auna ta ne da kaya a kai. Gaskiya fanka za ta riƙa tsayawa da wuri, za a kuma yi gunaguni a gida, amma gunagunin ya fi sayen batir duk shekara sauƙi.

PWM ko MPPT

Ƙaramin regilatar mai araha da ya cika kasuwa, PWM ne. Aikinsa haɗa panno da batir kai tsaye yana yankewa yana haɗawa, don haka yana jawo bolt ɗin panno ya sauko daidai da na batir. Da ƙaramin panno mai ba da bolt 18 a kan batir mai 12, asarar kaɗan ce. Matsalar ita ce pannon da ake sayarwa yanzu manya ne. Ɗauki mai wat 300, wanda ke aiki a wajen bolt 32 da ampar 9. In ka haɗa shi da PWM a kan batir mai bolt 12, ampar 9 ɗin nan kawai zai wuce, a kan bolt 13.5, wato wat 120. Ka biya kuɗin 300 kana cin 120. A awa biyar na rana mai ƙarfi ka tara wat-awa 600. Gida mai fanka biyu na wat 50 da ke kwana a kunne, da talabijin na awa huɗu, da ƙwai huɗu, yana shan kusan 1,400. Ba saitin da zai cike wannan giɓin, ba kuma batirin da zai jure shi.

Ɗaya nau'in regilatar, MPPT, yana karɓar bolt ɗin da ya yi yawa ya juya shi ya zama ampar, sai pannon nan ya ba da kusan ninki biyu. A irin wannan gidan, sake regilatar shi ne maganin, kuma kuɗinsa bai kai na batir ba. Amma ba ko'ina yake da riba ba. Mai panno ɗaya na wat 100 ko 150 da batir ɗaya, yana kunna ƙwai yana cajin salula, ya bar PWM ɗinsa. Zafinmu ma yana rage bolt ɗin panno, sai ratar da MPPT zai ci ribarta ta ƙanƙance.

Wannan raguwar tana da wani tarko. Panno mai gida 60, wato ƴan murabba'in da ake gani a fuskarsa, da aka haɗa da PWM a kan batir na bolt 24 yana aiki lafiya a hunturu. In ya ɗauki zafin Mayu, ƙarfinsa yana saukowa ƙasa da 28.8 ɗin da batir ke nema, sai caji ya yi rauni daidai lokacin da ya kamata a shiga hawa na biyu. Mai gidan zai rantse rana ta fi kowane lokaci ƙarfi amma batir ba ya cika, kuma gaskiya ya faɗa.

A kula da jabu. Akwai masu rubutun MPPT a goshi, cikinsu PWM. Na gaske yana da nauyi saboda naɗin tagullar da ke cikinsa, kuma in ka auna da rana za ka ga bolt ɗin ɓangaren panno ya ɗara na batir sosai. In ka ga lambobin biyu kusan ɗaya, an yi maka sakiyar da ba ruwa. Wajen ɗaurawa kuma batir ake fara haɗawa kafin panno, don daga batir ne regilatar ke gane ko haɗin na 12 ne ko na 24.

In batir ne ya mutu, wanne za a saya?

Batirin mota a cire shi daga lissafi. Farantansa sirara ne, an yi shi don ya tada inji cikin daƙiƙa kaɗan, ba don ya kwana yana jan fanka ba.

Batir mai ruwa, musamman dogon nan da ake kira tubula, shi ne mai haƙuri. Yana son 14.4 zuwa 14.8 kafin a cire lissafin zafi, a saiti kuma sunansa FLD. In an ɗan wuce masa ƙa'ida ruwa kawai zai sha, a ƙara masa. Shi kaɗai ne kuma ake yi wa cajin daidaitawa, wanda ake ɗaga bolt zuwa wajen 15.5 na awa ɗaya ko biyu, sau ɗaya a wata ko wata biyu, don ruwan asid ɗin ya gauraya, gidaje shidan da cikin batirin ya kasu su dawo kai ɗaya. Sharaɗinsa shi ne a samu mai kula da shi. A bazara ana buɗe murafun duk sati biyu ko uku. Ruwan batir tatacce ake zubawa, ba na pampo ko na rijiya ba, ba na leda ba, kuma ba a ƙara asid. Yana fitar da iska mai kama wuta in yana caji, don haka ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutane, ba a kuma kusantarsa da taba ko garwashin shayi. Cajinsa a hankali yake so, kamar ampar 20 ga mai Ah 200.

Batirin da ba a buɗewa, gel da AGM, shi mutane suka fi so don ba ruwansu da ƙarin ruwa, kuma a ganina shi ne zaɓi mafi rauni a garin nan. Gel yana son 14.1 zuwa 14.2 a digiri 25, AGM wajen 14.4. In bolt ya wuce, ruwan da ke cikinsa yana fita ta ƴar ƙofar numfashi, ba kuma hanyar maido shi. Batirin da ka ga cikinsa ya kumbura kamar an hura, tarihinsa ke nan: zafi, da saitin FLD da aka manta a kai, wani lokaci har da cajin daidaitawa da regilatar ke yi da kansa duk wata ba wanda ya sani. Wanda ya guji wahalar ruwa ya sayi gel, ya haɗa shi da regilatar marar awon zafi a ɗaki mai kwano, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. In dole sai shi, a zaɓi GEL a saiti in gel ne, ko SLD in AGM ne, a kashe daidaitawa, a ɗora shi a sikeli kafin a biya. Batirin dalma mai Ah 200 na gaskiya yana kai kilo 55 zuwa 65. Wanda yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, rubutun jikinsa ado ne.

Ƙananan regilatar ɗin nan suna rubuta b01, b02, b03 a madadin sunan batir, kuma ma'anarsu ba ɗaya ba ce a kowane kamfani. A wani b03 batir mai ruwa ne, a wani lityum ne. Kar a kwaikwayi na maƙwabci, a duba takardar da ta zo da naka.

Sai lityum, irin wanda aka rubuta wa LiFePO4 da bolt 12.8. Kuɗinsa a ranar saye ya fi na sauran nesa, amma lissafin ba a nan ya tsaya ba. Ana iya shan kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa kullum, don haka mai Ah 100 yana yin aikin da ya kusa na dalma mai 200. Kamfanoni suna rubuta masa zagayen caji dubbai, inda na dalma ke ƙirga ɗaruruwa zuwa dubu da wani abu. Babbar falalarsa a wurinmu ita ce bai damu da sai ya cika kullum ba. A watan Agusta da hadari ke rufe rana, ko ranakun da ƙurar hunturu ta turnuƙe, na dalma yana tara gishirin nan, lityum kuwa ko a jikinsa. Yana kuma shan caji da sauri.

Saitinsa daban ne gaba ɗaya, a nan kuma ake yin ɓarna. Iyakarsa 14.6, amma 14.0 zuwa 14.2 ya wadatar, ya fi masa lafiya ma. Riƙo 13.5 ko ƙasa. Ba daidaitawa, ba rage bolt saboda zafi, sai a kashe su duka biyu. Yankewa a wajen 12.0. Wannan na nufin regilatar da inbata dole su kasance masu saitin LI ko USER, inda kai za ka rubuta lambobin. In ba su da shi, a haɗa kuɗin sake su cikin kuɗin batirin tun farko. A cikinsa akwai allon tsaro, BMS, mai yanke wuta in ɗaya daga cikin gidajen da ke cikin batirin ya wuce bolt 3.65. Gidan da wuta ke ɗaukewa da tsakar rana, rana na tsakiyar sama, inbata na nuna bolt ya yi yawa, galibi wannan ne: an bar saitin dalma, BMS yana kare kansa. In kuma an tatse shi har BMS ya rufe, mita za ta nuna kusan sifili, mutum ya ɗauka ya mutu, alhali tada shi kawai ake yi da caja.

Masu haɗin 48 su ƙirga gidajen da ke cikin batirinsu. Akwai mai gida 16, bolt 51.2, akwai mai gida 15, bolt 48, kuma a ido kamarsu ɗaya. Lambar 56.8 da ta dace da na farko ta wuce iyakar na biyu, wadda ba ta kai 55 ba. Haka kuma akwai wani lityum ɗin daban, mai rubutun 11.1, wanda iyakarsa 12.6. Sa masa 14 neman gobara ne. Hoton batir da ke allo kuma ba abin dogaro ba ne da lityum, domin yana zaune tsakanin 13.0 da 13.3 kusan duk dare, sai dab da ƙarewa ya faɗi lokaci guda. In batirin da inbata suna da wayar da suke magana da juna, a haɗa ta, ita ce ke faɗin gaskiyar abin da ya rage. Shi ma ba ya son zafi, yawancin kamfanoni suna sa iyakar cajinsa tsakanin digiri 45 da 55, don haka batun ɗaki mai iska bai faɗi ba.

To wa zai ɗauki wanne? Matar da ke sana'ar ƙanƙara, zoɓo da lemu-hari, wadda injin sanyinta ke aiki dare da rana, musamman in azumi ya faɗo cikin zafi, tana tatsar batir kullum ba hutu. Ita lityum da MPPT ne nata, ko da za ta fara da ƙarami, don na dalma ba zai ga shekara ta biyu da lafiya a hannunta ba. Gidan da NIGELEC ke kawo wa wuta mafi yawan lokaci, sola tana toshe ƴan awoyi ne kawai, tubula ya ishe su, muddin akwai wani ɗa ko ƙane da za a ɗora wa alhakin ruwan, a kuma rage ampar ɗin da inbata ke turawa daga wutar gari don kar ya haɗu da na rana su yi masa yawa. Wanda ya ɗaura wa tsofaffinsa sola a Mirya ko Magarya, yana zuwa sai sallah sai sallah, shi ne kaɗai nake ga yana da hujjar batirin da ba a buɗewa, shi ma in aljihu zai kai, ƙaramin lityum ya fi masa kwanciyar hankali.

Wanda ke da batir biyu a jere ɗaya ya mutu, kar ya sayi sabo ɗaya ya haɗa da tsohon. A auna kowanne shi kaɗai ana cikin caji: in ɗaya na nuna 15 ɗaya 13.8, jimillarsu 28.8 ce, regilatar yana ganin komai lafiya, alhali ɗaya yana dahuwa ɗaya yana yunwa. Ko dai a sake su tare, ko a mai da mai sauran ƙarfin wani ƙaramin haɗi na bolt 12, ya riƙa kunna ƙwan zaure da cajin salula.